Sana'ar cikin gida, mai gadin rumbu

Ni malamin karatun manya ne a ƙasar Kornaka, cikin gundumar Dakoro, jihar Maradi. Manomi ne ni kamar ku. Ina da gona guda biyu da iyali mutum 9. Yau ina so mu yi magana bisa sana'ar da mutum ke yi cikin gidanshi, da amfanin da na gani gare ta.

Mu fara da lissafi

Shekara wata 12 ce. A ƙasarmu aikin gona, daga shuka har girbi, bai wuce wata 4 ko 5 ba. Sauran watanni hannu shina zaune, amma baki bai zauna ba.

A gidana muna cin hatsi tiya 2 kowace rana. Buhu guda tiya 40 ne. Ke nan buhu guda kwana 20 shike yi muna. Duk ranar da na ɗauki buhu na kai kasuwa, abincin kwana 20 na fitar daga gida.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Da kaka bukata tana da yawa: biki, suna, tufafin yara, bashin damana, magani. Kowa sai shi buɗe rumbu. Hatsi ya cika kasuwa, farashi ya faɗi, ƴan kasuwa su saye su aje. Da bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sai mu koma mu sayi hatsin nan namu da tsada. Wani ma sai shi bar gonarshi cikin haki shi tafi ƙwadago gonar wani don shi samo tiya guda. Gonar da ba a nome ta cikin lokaci ba, amfaninta kaɗan ne. Baɗi kuma a sake komawa gidan jiya.

A shekarar 2005 ina saurayi. Fari da fara sun ɓata damanar 2004, hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Mahaifina ya ce abin ya tuna mishi yunwar 1984. A unguwarmu na lura da abu guda. Gidajen da ke da wata ƴar sana'a, ko mai, ko tabarma, ko akuya biyu a turke, sun sha wuya, amma ba su saida gona ba. Waɗanda ba su da komi sai rumbu, su ne sunka jinginar da gonakinsu. Wasu har yau gonakin ba su komo hannunsu ba.

Cin rani

Maganin da yawancinmu munka sani shi ne cin rani. A ajinmu na karatu, da an gama girbi maza sun cika tabarmi. Kafin wata biyu rabinsu sun tafi. Wasu Maradi, wasu Kano ko Ikko, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya.

Cin rani ba abin kunya ba ne. Ni ma na yi shi shekara biyu a Kano, ina tura ruwa a baro. Da kuɗɗin ne na sayi ragona na farko. Amma sai mu faɗi gaskiya bisa abin da tafiya ke ci. Akwai kuɗɗin mota zuwa da komowa. Akwai abinci, wanda a birni ko ruwan sha saye ake. Akwai wurin kwana, akwai ciwo a wurin da ba ka da kowa. In ka cire waɗannan duka, abin da ke isowa gida bai kai yadda ake zato ba.

Hanyar ma ba kullum take buɗe ba. A 2011 yaƙi ya tashi a Libiya, ƴan uwanmu da yawa sunka komo hannu wofi. A 2014 an samu zinariya a Jado, samari sunka ruga can, a 2017 hukuma ta rufe wurin. Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai ƙarshen 2020. A 2023 an sake rufewa, har watan Maris na 2024. Wanda abincin gidanshi ya dogara ga hanya kawai, ranar da hanya ta rufe tukunyarshi ta rufe. Shi ya sa manya sunka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mai da ƙuli-ƙuli

Bari in gaya muku abin da muke yi a gidanmu.

Uwargidana tana yin man gujiya. A wurin innarta ta koya. Tana soya ɓararriyar gujiya, ta murje, ta sheƙe, a kai injin niƙa. In an kawo, sai ta zuba a turmi, tana sa ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa har mai shi taso. Ta matse mai, tunkuza kuma ta yi ƙuli-ƙuli da ita.

Mahaifina ya ba ni labarin zamanin da gujiya ke sarauta a ƙasar nan. A 1962 anka kafa kamfanin SONARA don sayen gujiya da fitar da ita waje. A lokacin, gujiya ce kan gaba cikin abin da Nijar ke saidawa ƙasashen waje. Manomi shi kai gujiyarshi ma'auni, a ba shi kuɗɗi, shi komo. Ribar mai da ta tunkuza wasu ne ke ci a wani wuri. Farin 1973 da cutar da ta kama gujiya a 1975 sunka karya wannan ciniki. Yau macen da ke matse mai a tsakar gidanta, ribar nan duka a gida take tsayawa.

Ga misalin lissafin mako guda. Farashi shina hawa shina sauka, don haka kowa shi sa nashi.

Abin da ya fita: gujiya tiya 10, jika 15. Niƙa, jika 1. Icce da gishiri da yaji, jika 1. An kashe jika 17.

Abin da ya shigo: mai lita 9, jika 13. Ƙuli-ƙuli, jika 7. An samu jika 20.

Riba: jika 3, watau dala 600.

Ku duba da kyau. Kuɗɗin mai kaɗai bai maida abin da anka kashe ba. Ribar tana cikin ƙuli-ƙuli. Wadda ke barin yara da baƙi suna ɗibar ƙuli-ƙuli ba lissafi, ribarta ce ake ci tana kallo.

Wani zai ce jika 3 ai ba komi ba ne. To, mu tara. Mako 20 na rani, jika 60 ke nan. In buhun hatsi jika 25 ne, kun ga ya fi buhu 2. Buhu 2 abincin kwana 40 ne a gidana. Kwana 40 ɗin nan su ne tsakanin noman farko da fitowar sabon hatsi, lokacin da yunwa ke korar mutum daga gonarshi.

Kaba da igiya

Allah ya ba ƙasarmu Gulbin Kaba. Sunan ma ya faɗi arzikin da ke ciki. Mahaifiyata ta tsufa, ba ta iya daka, ba ta iya zuwa rijiya. Amma hannunta bai daina saƙar tabarma ba. Tana zaune a inuwa, jikokinta na kewaye da ita, tana saƙa. Goronta da sabulunta ba ta roƙon kowa. Ranar suna ko biki, da abinta take zuwa. Mutuncin da wannan ke ba tsoho, ba a auna shi da tiya.

Ni kuma da dare, in muna hira a ƙofar gida, igiya nike tufka. Makiyaya na bukatarta don guga da ɗaurin bisashe, manoma don darni da rumbu. Ba ta ruɓewa a ɗaka. In ta taru, ranar kasuwa in ba wani mai amalanke shi tafi da ita.

Sai dai kaba ma tana da haƙƙi a kanmu. In ana yanke sabon toho kullum ba hutu, ba ta girma ta zama goriba. Mu yanka a nan, mu bar can ta huta. Kowane manomi shi bar ƴan tushe a gonarshi su tashi. Wanda ya ƙare kabar bana, baɗi sai shi saya.

Rago a turke

Sana'ata ta biyu kiwon turke ne. Ina sayen ramammen rago mai ƙashi da tsawo, wata 3 ko 4 kafin Layya. Ku tuna, Layya tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. Sai a ƙirga watanni tun da wuri, a san lokacin saye da lokacin tanadin abinci.

Abincin rago yawanci a gida shike. Harawar wake da ta gujiya, wadda munka ɗaure munka ɗora bisa rumfa tun da kaka. Dusar da ta fito daga surfe. Ruwan tsari. Ƴaƴan gawo da yara ke tsintowa. Ɗan gishiri ko kanwa. Kafin komi, ina kai shi wurin ma'aikacin kiwo shi yi mishi allura, shi ba shi maganin tsutsar ciki. Ragon da ke da tsutsa, ko mi ka ba shi ba shi ƙiba.

Kiwo shina da hatsari. Rago na iya mutuwa. In iyaka ta rufe ko kuɗɗin Najeriya ya faɗi, masu saye su ragu, farashi shi karye. Saboda haka ban taɓa sa jarina duka ga rago guda ba.

Mata kuma ga jar akuya ta Maradi. An san ta da haihuwar tagwaye, ga nono, fatarta kuma ana nemanta har ƙasashen Turai. Tun 1963 gwamnati ta buɗe gidan kiwonta a Maradi. Akuya guda a bayan ɗaki, cikin shekara biyu ta zama garke ƙarami.

Ƴan uwa makiyaya, maganar ga ta shafe ku. Da damana nono shina yawa har shi lalace, kasuwa kuma nesa. Matan da ke yin cuku da man shanu sun san dubara. Cuku in ya bushe da kyau shina daɗewa bai ɓaci ba. A aje shi, a saida lokacin da nono ya yi wuya. Kuɗɗin shi sayi hatsi, ba sai an fitar da saniya daga garke ba.

Zamani ma ya kawo nashi. Wani ɗalibina ya sayi farantin hasken rana da batir. A zaurenshi shike yi wa mutane cajin salula. Ƙafarshi guda ba ta da lafiya, ba shi iya tafiya cin rani. Yau ba shi jiran kowa shi ba shi.

Amfanin da na gani

Na farko, ba kuɗɗin rumfa, ba kuɗɗin mota kowace rana. Tsakar gidanka ita ce rumfarka. Maƙwabta su ne masu sayenka na farko, kuma sun san hannunka.

Na biyu, ana yin ta da guntayen lokaci. Tsakanin azahar da la'asar. Bayan an sauke tukunya. Lokacin hirar dare. Macen da ke goyo, tsohon da ƙarfi ya ƙare, da wanda ke da naƙasa, duka suna iyawa.

Na uku, a cikin gida ba abin da ke zubewa banza. Gona ta ba da gujiya da harawa. Gujiya ta ba da mai da ƙuli-ƙuli. Harawa da dusa su shiga cikin rago. Rago shi ba da taki, taki shi koma gona. Tun da na fara kai takin turke gonata ta bayan gari, wurin da ya mutu ya fara tashi.

Na huɗu, maigida shina nan. Shi yi sassabe cikin lokaci, shi kai taki, shi gyara rumbu da darni. In ruwan farko ya sauka da dare, da safe shina gona da iri. Wanda ke Ikko, kafin labari shi kai mishi, kafin shi samu kuɗɗin mota, danshi ya tafi.

Na biyar, ciwo ba shi sallama. In zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare, gidan da ke da ƴan kuɗɗin ciniki ba shi jiran ranar kasuwa kafin a tafi likita.

Na shida, yara na gani suna koyo. Ɗana mai shekara 12 ya iya tufka igiya, ya san ragon da ke da lafiya daga ganin idonshi. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya mishi.

Duka waɗannan wuri guda sunka nufa. Gishiri, sabulu, kuɗɗin niƙa da gudummuwar biki su fito daga sana'a. Rumbu kuma a bar shi don ci kawai.

Abubuwan da ke kashe sana'a

Na ga sana'o'i da yawa sun mutu a garinmu. Abin da ke kashe su ba shi da yawa.

Tukunya tana cin jari. Yau a ɗauki dala 40 a sayi daddawa, gobe dala 100 a sayi sukari, duka daga wuri guda. Ranar sayen gujiya sai a ga kuɗɗi ba su kai ba. Jari a aje shi daban, riba daban. Daga riba ake ci.

Bashi shina kashe ta. An ce bashi hanji ne, shina cikin kowa. Mai sana'a a gida, masu sayenshi dangi ne da maƙwabta, hana su da nauyi. To, a sa iyaka. Wanda bai biya na farko ba, kada a ƙara mishi na biyu. In kana so ka taimaki ɗan uwa, ka ba shi kyauta daga riba, ka san ka bayar.

Mu maza, mu ji wannan. Jarin mace nata ne. Ciyar da gida a wuyanmu shike. In mace ta taimaka, alheri ta yi, a gode mata. In ka ranci kuɗɗinta, ka biya kamar yadda za ka biya wani. Ribar man da na lissafa muku ta uwargidana ce, ita ke yanke abin da za ta sa a gida. Maigidan da ya ga matarshi ta fara samu, sai shi janye hannunshi daga cefane, shi ne ya kashe sana'ar da kanshi.

Talla ma a yi hattara da ita. Ɗiyata tana lakwal. Mun yi shawara da uwarta, ba ta fita talla lokacin karatu, ba ta fita da dare. Mai son mai shi aiko gida. Ribar da za ta fitar da yarinya daga aji, hasara ce.

Na ƙarshe, kowa ya kama abu guda. In mata 10 na yin ƙosai a unguwa guda, wa zai saya? Kafin ka fara, ka duba mi mutanen garinku ke tafiya wani gari nema. Shi za ka yi.

Ina za a samu jari?

Da ruwan ciki kan ja na rijiya. Ba sai jari mai yawa ba. Tiya 2 ta gujiyar gonarka ta isa farawa. Kaba kuma wuƙa kawai take so.

Ga kuma dubarar da ta fito daga jiharmu. A 1991, a jihar Maradi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da mata bisa tsarin da ake kira Mata Masu Dubara. Mata su haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da anka yarda cikin asusu. Mai bukata ta ranta, ta yi sana'a, ta maida cikin lokacin da anka sa. In zagaye ya cika, a buɗe asusu a raba. Kuɗɗin nasu ne, ba daga waje sunka zo ba. Wannan tsari ya bazu ƙasashen Afirka da yawa, har ya ƙetara teku. Abin da wasu ƙasashe sunka zo sunka koya wurin iyayenmu mata, bai kamata mu da ke kusa mu raina shi ba. Maza ma suna iya yin irin nasu.

Kaye da bik

A nan ne karatunmu ke da aiki. Kai ba shi riƙe lissafin wata guda. Takarda tana riƙewa.

Ka samu kaye guda da bik. Ka ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafi shi rabu gida uku. Gida na farko ka rubuta rana. Na biyu, abin da ya fita. Na uku, abin da ya shigo. A shafin ƙarshe ka rubuta sunan masu bashi da abin da ake bin su. Kowace Juma'a ka tara gida na biyu, ka tara na uku, ka cire ƙarami daga babba. In abin da ya shigo ya fi, ka ci riba. In wanda ya fita ya fi, ka tsaya ka nemi inda ke yoyo.

Wata ɗalibata mai saida fura ta yi haka wata guda. Sai ta ga ranar da ta dama tiya 3 tana ƙarewa, ranar da ta dama tiya 5 saura ke yi a ci a gida. Ta koma tiya 3, sai ranar kasuwa take ƙarawa. Aikinta ya ragu, ribarta ta ƙaru. Ba ni na gaya mata ba, kayenta ya gaya mata.

Ƴan uwa, ga shawarata. Bana, kafin a ɗaure kayan tafiya, maigida da uwargida su zauna. Su ƙirga damman da ke rumbu, su san wata nawa za su kai. Su duba mi hannunsu ya iya, mi ke akwai a gona da daji, mi gari ke nema. In gida na da maza biyu, guda shi tafi, guda shi tsaya shi kama sana'a. Da damana a gwada abin da kowa ya kawo.

Wanda ke da wata sana'a a garinsu da ban ambata ba, shi rubuto wa jaridarmu da hannunshi, shi faɗi yadda ake yin ta da abin da take ci, don sauran ƴan uwa su ƙaru. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi sa albarka ga abin da hannunmu ke yi.